Shayin tsaraba kala 6: ni ce ban iya dafawa ba, ko zoɓonmu aka maido mana a gwangwani?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambaya gare ni ga masana shayi, amma ku yi haƙuri, sai na faro ta daga tushe.

Ƙanen maigidana da ke karatu a Jamus ya zo hutu watan jiya. Cikin tsarabata har da wani kwali mai gwangwanaye 6 na ganyen shayi, kowanne giram 100. Ba irin mai zaren nan ba ne da muke jefawa a kofi, zube yake kamar an auno kayan ƙamshi a Kurmi. Yaron ya san halina ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ko a tsakiyar zafin Afrilu sai ya sha kofi biyu bayan la'asar, cikin 'ya'yansa kuwa ni na gaje shi. Shekarata 14 da aure fulas ɗina bai taɓa kwana babu shayi ba, in za a yi suna a layinmu ni ake aiko wa in haɗa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka yau na fara riƙe buta.

Ga abin da ke cikin kwalin. Akwai wani baƙi, an rubuta Earl Grey, ƙamshinsa kamar ka buɗe kwalbar turaren maza. Akwai kore mai ƙamshin furen yasmin. Akwai wani ja jawur mai gutsattsarin busassun 'ya'yan itace, in ka buɗe shi sai ka rantse alewa ce. Akwai rooibos, shi kuma kamar jar dusar katako ta wajen kafinta. Akwai masala chai, wanda ina ɗaga murfin na gane 'yan gida ne: citta, kirfa, kanumfari. Na shida sunansa lapsang souchong. Shi kam ban san laifin da na yi wa yaron nan ba, don warin kifin banda yake yi.

Dafuwa ɗaya na yi musu duka, irin wadda na iya. Ruwa a tukunya, in daka citta da kanumfari in watsa, in ya tafasa in zuba ganye in bar shi ya yi ta ɓararraka kamar minti 10 ko fi, in tace, madara, sukari cokali biyu. Kullum da safe ɗaya nake gwadawa.

Earl Grey ɗin, Hajiya surukata ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta ce wa ya fesa turare kusa da buta. Koren ya fito da ɗaci kamar shuwakar da ba a wanke ba, ga bauri har harshena ya yi kauri, ƙamshin furen kuwa ko alamarsa babu. Rooibos salam, citta kawai na ji. Ranar lapsang maigida da gudu ya fito daga falo yana tambayar me ke ƙonewa. Jan nan shi ya fi ba ni kunya, don ranar ina da baƙi, matan abokan maigida su uku. Ina zuba madara a gabansu sai ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, kofin ya koma kalar ruwan wankin nama. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Masala ne kaɗai ya fita kunyata.

Da dare na sa babbar 'yata ta haska rubutun bayan jan gwangwanin da waya, don da Jamusanci yake. Kalmar farko a jerin kayan haɗin ita ce Hibiskus. Na zazzage shi a faranti na tona da yatsa. Jama'a, zoɓo ne. An dai yayyanka shi ƙanana an cakuɗa da busasshiyar tuffa da wasu jajayen ɓawo, amma zoɓon da nake jiƙawa duk azumi ne.

To tambayata kashi biyu ce. Da gaske zoɓonmu ne ya je Turai ya dawo da sabon suna? Sannan yaya ake ɗanɗana irin wannan shayin har a ji abin da ake yabo? Don ƙamshin da hancina ke ji a gwangwani bai taɓa isowa bakina ba, kuma yaron ya yi ta waya yana tambayar wanne ya fi min daɗi, ni kuwa kullum sai in ce masa duk sun yi.

Dillalin Maigatari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Idonki bai yaudare ki ba, zoɓo ne, kuma sana'ata kika taɓo. Da kaka ta yi, manoman Jigawa da Katsina da Kano suna ɓare shi su shanya, mu mu saya a kasuwannin ƙauye, mata su tsince tsakuwa da kara, a danna a buhu, tirela ta kai Legas, daga nan sai jirgin ruwa. Babbar mai sayen namu Meziko ce, can abin shan da suke yi da shi jamaica suke ce masa. Turawa ma suna saye, musamman Jamus, don su mutanen shayin 'ya'yan itace ne, kuma Hamburg babbar tashar shigar kayan shayi ce. Ko na Jigawa ne a gwangwaninki, ko na Kordofan ta Sudan, ko na Masar inda suke ce masa karkade, iri ɗaya ne da yakuwar bayan gidanki.

Dalilin da ya sa suke sonsa a fili yake. Busasshiyar tuffa in aka jiƙa ta ba ta da kala, ɗanɗanonta ma kaɗan ne. Zoɓo shi ke ba da jan da tsamin, kuma da araha. A ƙa'idarsu kayan da ya fi yawa shi ake fara rubutawa a jeri, to tunda shi ne a sama, shi ne mai gidan.

Batun madara kuwa, awara kika yi ba ki sani ba. Yadda ruwan tsami ke kama madarar waken suya, haka tsamin zoɓo ke kama ta shanu. Ko Bajamushen ba ya zuba madara a wannan.

Anti Mai Buta:

Maman Biyu sannu da fama, na yi dariya har da hawaye a wajen kifin banda. Ba rashin iyawa ba ne. Dafuwarki daidai ce ga ganyen da aka yi ta dominsa, shi ya sa masala ya yi kyau, don a Indiya ma haka masu shayin bakin titi ke tafasa shi da madara. Sauran ne ba su son wuta.

Na zauna a Kenya shekara 3 lokacin da aiki ya kai maigida can, har na shiga masana'antar shayi a Kericho na ga yadda ake yi. Ganyen da muka saba da shi inji ne ke murƙushe shi ya mulmula shi ƙananan ƙwayoyi, don ya saki kala da ƙarfi nan take, ya kuma jure madara da sukari. Ganyen da aka bari da girmansa a hankali yake sakin abin da ke cikinsa, kuma daɗin ne ke fara fitowa, ɗaci da bauri su biyo baya. In kika tafasa shi minti 10 kin wuce daɗin kin isa ɗacin.

Ƙamshi kuma mai ne da ke bin tururi. Wannan ƙamshin da ya cika miki kicin lokacin da tukunya ke tafasa, shi ne wanda ya kamata ya zauna a kofinki. Ɗan abin da ya rage kuma citta da kanumfari suka danne shi, don su biyun nan ba sa zama da kishiya.

Masu ɗanɗanar shayi na kamfanoni suna da ƙa'ida rubutacciya tun 1980, ISO 3103: giram 2 na ganye a kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6, a farin kofi. Sai su ɗiba da cokali su zuƙa da ƙara, fuuut, irin zuƙar da za a mari yaro a kanta, don ruwan ya watsu a baki iskarsa ta hau hanci, sannan su tofar. Wannan don kwatanta ganye da ganye ne a sa masa farashi, ba don jin daɗi ba, minti 6 ya yi wa mai sha yawa. A gida ga yadda nake yi.

Farin kofi, cokalin shayi ɗaya cike da ganye, ki zuba ruwan a kansa, ki rufe da faranti. Ba a ɗora shi a wuta. Earl Grey da lapsang ruwa mai tafasa, minti 3 zuwa 4. Koren ba ya son ruwa mai tafasa sam, surka masa za ki yi: kofi 3 na tafasasshe, kofi 1 na ruwan randa, zai sauko wajen digiri 80, minti 2 kacal ki tace. Kada ki zubar da ganyen, yana ba da zubi na biyu har na uku. Jan da rooibos su babu ganyen shayi a cikinsu ko ɗaya, ruwa mai tafasa sosai, minti 5 zuwa 10, kuma rooibos ko kin manta shi ba ya ɗaci. Ki sa agogon waya, kada ki yi da ka.

Kafin ki sha ki shinshina busasshen ganyen, in kin tace ki shinshina jiƙaƙƙen, shi ya fi faɗin gaskiya. Kurɓa 3 na farko babu sukari babu madara. Ki fara da mai sanyin hali ki ƙare da mai faɗa: kore, rooibos, Earl Grey, ja, masala, lapsang a ƙarshe, don in kika fara da shi komai hayaƙi zai koma.

Hajiya surukarki kuma ba ta yi ƙarya ba. Ƙamshin Earl Grey man ɓawon wani lemo ne da ake kira bergamot, yawancinsa a Kalabriya ta kudancin Italiya ake noma shi, kuma masu haɗa turare suna amfani da man nan ɗin dai. Sunan kuwa na Charles Grey ne, firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Lapsang daga duwatsun Wuyi na lardin Fujian a Sin yake, a kan hayaƙin itace ake busar da shi, banda ce ta gaske. Na yasmin ya fi burge ni. A Fuzhou ake tsinko furen da rana yana rufe, a cakuɗa shi da ganyen da dare lokacin da yake buɗewa, ganyen ya sha ƙamshin, da safe a tsame furen, a sake kawo sabo. Mai tsada akan maimaita masa haka dare da yawa. Shi ya sa ƙamshinsa ke bin ruwa har zubi na uku.

Jan naki ba haka aka yi masa ba. Ki sa 'yarki ta duba ƙarshen jerin, za ta ga kalmar Aroma. Ƙamshi ne aka fesa a kai. Hanci zai ji alewa, harshe kuwa abin da ke wurin kawai zai ji, wato tsamin zoɓo.

Abu biyu kuma. In ruwanku na rijiya ne ko burtsatse mai zartsi, shayi zai dushe ya yi wata yana a sama kamar an ɗiga mai, ki gwada da ruwan leda mai kyau ki ga bambanci. Sannan ganyen shayi ɓarawon ƙamshi ne. Kada ya kwana kusa da daddawa, ko kayan miya, ko turaren wuta.

Ɗan Damagaram:

Anti, da girmanki, amma maganar nan ta cewa kore ba ya son tafasa ba za ta wuce a gabana ba. To mu me muke yi a fada, wato majalisarmu ta hira, kullum? Ganyenmu kore ne na Sin, wanda ake rubuta 41022 ko 3505 a kwalinsa. Ƙaramar buta a kan gawayi, ganye cike da ƙaramin kofin gilas, ya yi ta dahuwa har ruwan ya yi duhu. A zuba sukari, a ɗaga buta sama a tsiyaya a kofi, a mayar, a sake, har kumfa ta tsaya a kan gilas yadda ko an sha shayin tana nan. Zagaye 3 ake yi da ganye ɗaya. Na farko in ba ka saba ba hannunka sai ya yi rawa, na biyu shi ne na mutane, na uku kusan ruwan sukari ne, shi ake miƙa wa yara.

Ɗacin da kuke gudu mu shi muke nema. Sai dai kofinmu kurɓa uku ne, ba moɗa ba, kuma sukarin da ke shiga ba na wasa ba ne. Wanda ya dafa irin namu ya cika babban kofi ya sha ba sukari, shi ya jawo wa kansa.

Inda na yarda da ke shi ne ƙamshi. Ko mu ba ma sa na'ana'a tun farko. Sai a zagaye na biyu ko na uku, dab da saukewa, don in ta daɗe a wuta ƙamshinta ya tafi sai ɗanɗanon dafaffen ganye. To ina ga fure. Hajiya, na yasmin ɗin ki bi maganar Anti. Amma kada ki yarda a ce miki tukunyarki kuskure ce.

Mai Tebur:

Ni dai shekarata 11 ina soya ƙwai ina haɗa shayi a bakin tasha, ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce in rufe masa kofi da faranti in duba agogo ba. Ko in ce wa direban tirela ya yi kurɓa 3 ba sukari, ai sai ya kife min tebur. Hajiya, in banda ɗin ya gagare ki ki aiko min, in haɗa shi da burodi in ce wa kwastoma shayi ne da kifi a kuɗi ɗaya.

Nas Ta Zariya:

Salamu alaikum. Ni ba gwanar ɗanɗano ba ce, abin da ya shafi aikina zan ƙara, tunda yanzu shayin ganyayyaki ya cika shaguna da intanet kuma mutane na ɗauka duk abin da aka ce ganye ne ba ya cutarwa.

Maman Biyu, naki 6 ɗin ba abin tsoro. Huɗu masu ganyen shayi suna da kafeyin, sinadarin nan da ke hana barci a goro da kofi. Rooibos da jan ba su da shi, yara ma za su iya sha da dare. Mai ciki ana ba ta shawarar kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a rana, to mai shan irin na Ɗan Damagaram zagaye 3 ta yi lissafi. Mai ƙarancin jini kuma ta daina kora abinci da baƙin shayi, don baurin nan yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake da ganye. Ta bari a samu tazarar awa ɗaya ko fi.

Waɗanda nake so a riƙa dubawa a jerin kayan haɗi su ne biyu. Irƙusus, saiwar nan mai zaƙi da ake sa wa haɗin na'ana'a da na babunaj, furen da Turawa ke ce wa chamomile, don a ji zaƙi ba sukari, yana ɗaga hawan jini in ana sha kullum. Sai filasko, wanda Turawa ke rubutawa senna. Da yawan abin da ake tallatawa da sunan shayin rage tumbi shi ne a ciki, kuma aikinsa gudawa ce. Ruwa mutum ke zubarwa, ba kitse ba. Zoɓo kuwa yana ɗan saukar da jini, mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa in yana sha da yawa.

Kuma abin da Anti ta ce na ruwa mai tafasa sosai ga jan, ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Busassun 'ya'yan itace da fure a fili ake shanya su, tafasasshen ruwan ne ke kashe ƙwayoyin cuta. Jamusawa ma suna rubuta gargaɗin a jikin kwali.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na bari sai da na gwada kafin in dawo.

Ranar Asabar da yara suka tafi Islamiyya na sauko da fararen kofunan nan na kayan ɗakina, waɗanda tun ranar jere suke cikin kabad ba wanda ya taɓa shan ko ruwa da su. Na jera 6 a tire, kowanne da farantinsa. Na kira Hajiya da maƙwabciyata, na ce yau makaranta za mu yi. Hajiya ta ce ita dai in turaren nan ne a kai kasuwa.

Kafin in fara sai da gabana ya faɗi, don na tuna inda na ajiye kwalin: cikin wadrob, kusa da kwalaben humra da turaren wuta. Allah ya taimake ni murafen suna da roba a baki, ba abin da ya shiga. Yanzu suna saman kanta su kaɗai.

Koren na fara. Na surka ruwan kamar yadda Anti ta ce, na zuba, na rufe, na tsaya a kan waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da minti 2 ta cika na ɗaga farantin, ganyen da yake a murɗe kamar zare ya warware ya zama ganye sosai, har da jijiyarsa a tsakiya da ɗan zarto-zarton gefe. Ban taɓa ganin ganyen shayi da siffarsa ta ganye ba sai ranar. Ruwan fari-fari ne, rawaya kaɗan, da a da ne sai in ce bai dahu ba in mayar wuta. Kurɓar farko ban ji komai ba, na ce to an sake. Sai bayan na haɗiye, na fitar da numfashi ta hanci, sannan furen ya taso daga maƙogwaro. Maƙwabciyata ta ce kamar iskar da ke shigowa da dare in ka wuce gidan da ke da shuke-shuke. Zubi na biyu ya fi na farko, ɗan baurin ya tafi, wani zaƙi-zaƙi ya fito wanda ba na sukari ba. Wannan gwangwanin na ɓoye shi, ba na baƙi ba ne.

Rooibos ashe yana da bakinsa, citta ce ta hana shi magana. Ja ne mai haske kamar zuma, da garɗi, kamar ruwan da aka jiƙa dabino a ciki aka ɗan ɗiga banila. Ba ya kama harshe ko kaɗan. Na zuba madara ban ga ta tsinke ba, kuma shi yaran ke sha yanzu bayan isha'i. Na karanta a jikinsa cewa daga Afirka ta Kudu yake, duwatsun Cederberg, arewa da Cape Town, 'yata kuma ta gano cewa tun 2021 Tarayyar Turai ta hana a kira wani ganye da sunan in ba daga yankin ya fito ba. Malam Dillali, ka ji yadda wasu ke tsare nasu.

Earl Grey a minti 3 wani abu ne daban da wanda na dafa. Lemon ya fito, mai ɗan ɗaci irin na ɓawo. Hajiya ta ce har yanzu turare ne, amma da na ɗiga mata madara kaɗan sai ga shi ta shanye, ta ce turaren dai mai tsada ne. A nan zan ɗan saɓa wa Anti. Na yi kurɓa 3 ɗin ba sukari, na ji abin da ake so in ji, amma rabin cokali ya ƙara fito min da lemon, bai danne shi ba. Cokali biyun da na saba ne ya yi yawa.

Jan kuwa, ku yafe min, ko da an bi ƙa'ida zoɓo ne, kuma bai kai nawa ba. Hanci na cewa alewa, baki na cewa tsami, ba su taɓa haɗuwa ba. Zoɓon da nake dafawa da ɓawon abarba da citta da kanumfari ya fi shi jiki nesa ba kusa ba. Abu ɗaya na ɗauka a wajensu: tuffar nan tana tausasa tsamin ba tare da an sa kanwa ba, kuma kalar tana tsayawa ja mai haske, ba ta komawa baƙi-baƙi yadda kanwa ke mayar da ita. Na sa shi a firij da sukari yara suka shanye a yini ɗaya. Na gaya wa yaron gaskiya a waya, na ce in zai sake tsaraba ya bar wannan, kada ya riƙa biyan kuɗin jirgi wa yakuwa.

Masala na mayar da shi tukunya kamar yadda Ɗan Damagaram ya ba ni ƙarfin gwiwa. Cittarsu ba ta da zafi, sai da na ƙara tawa.

Saura banda. Na yi masa adalci, Allah ya gani. Minti 3, farin kofi, shi ne ƙarshe. Ruwan ya fi warinsa sauƙi, kuma a kurɓa ta uku na ji wani ɗan zaƙi a ƙarƙashin hayaƙin, kamar na rake da aka gasa. Amma kofi ɗaya ya ishe ni na shekara. Hajiya ko taɓawa ba ta yi ba, maƙwabciyata ta ce ita in za ta sha romon kifi gara a sa mata gishiri.

Mai Tebur ka yi haƙuri, an riga ka. Maigadin layinmu Buzu ne, dattijo, kullum butarsa na kan gawayi a bakin get. Na ɗiba masa a takarda na kai masa da kaina don in ga fuskarsa. Ya buɗe, ya kai hanci, ya yi shiru, sai ya yi dariya ya ce wannan ƙamshin zango ne, na kayan da suka kwana kusa da wuta a daji. Nan take ya juye wanda ke butar ya ɗauraye ta ya zuba wannan. Washegari da zan fita ya tare ni ya ce Hajiya, in akwai saura kada a zubar. Na ba shi gwangwanin gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram:

Hajiya, tambaya ɗaya don Allah. Minti nawa dattijon ya ba shi?

Maman Biyu:

Ban sa agogo ba Malam, amma na shiga gida na tuƙa tuwo na kwashe, na leƙo ta taga butar tana kan gawayi. Anti Mai Buta, ki yi kamar ba ki gani ba.